Kwamfutarka ta daɗe a wajen gyara? Ga abin da doka ta ba ka

"Ki ƙara haƙuri, Hajiya, muna jiran kaya daga Legas." Sau huɗu ƙanwata tana jin wannan amsa daga wani kamfanin gyaran kwamfuta. Ta kai musu laftof ɗinta saboda allon ya daina haske, suka ce kwana biyar. Aka shiga sati na shida. Ranar da na raka ta, na ga na'urar a kan kanta, tsakanin wasu guda bakwai ko takwas, an manna mata farar takarda da sunanta, ƙura ta rufe murfin. Ga shi duk aikinta na kammala jami'a yana ciki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ita ce ke ba su haƙuri don ta dame su da kira.

Mutane da yawa sun ɗauka jinkirin mai gyara abu ne da sai dai a roƙe shi. A Najeriya ba haka ba ne. Akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu sayayya, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kare masu sayayya ta CPC. Dokar ta shafi kaya, ta kuma shafi aikin da ka biya a yi maka, kuma ba ta bambanta babban kamfani da mai ɗan shago a kasuwa ba.

Sashe na 130 shi ne na masu kai gyara. Ya ce idan wani ya karɓi aikinka, haƙƙinka ne ya yi shi ya gama a kan lokaci. Idan kuma wani jinkiri ya taso wanda ba makawa, haƙƙinka ne a sanar da kai da wuri. A nan nake so mu tsaya. Dokar ta san kayan gyara kan yi wuyar samu, ta san allon wata kwamfutar sai an yo odarsa daga waje. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne shiru. Su ne ya kamata su neme ka su ce ga abin da ya faru, ga ranar da muke sa rai. Ba kai za ka yi ta ƙona kati da kuɗin mota kafin ka ji labarin kayanka ba. Kuma jinkirin dole daban, sakaci daban. Wanda bai ma yi odar kayan ba sai bayan wata guda, ba zai fake da cewa hanya ce ta yi nisa ba.

Sashen bai tsaya ga lokaci ba. Dole aikin ya kai ingancin da duk mai hankali zai sa rai, kayan da za a sa maka su kasance marasa aibi, sannan a dawo maka da na'urarka ba ta fi yadda ka kawo ta lalacewa ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don sau da yawa mutum kan kai gyaran allo ya karɓo da madannai biyu sun mutu, ko batirin ya daina riƙe caji. Idan aka gaza, doka ta ba ka damar neman ɗayan biyu: su gyara abin da suka ɓata, ko su mayar maka da wani kaso na kuɗinka daidai da girman gazawar. Lura da kyau, kaso aka ce, ba lalle duka ba.

Idan sabuwar kwamfuta ce ka saya ta ba da matsala, sashe na 132 ne naka. Cikin wata uku da karɓarta kana iya mayar da ita ga wanda ya sayar maka, ba tara, kuma ɗawainiyar mayarwar a wuyansa take. Ya gyara, ya canza, ko ya dawo da kuɗi. Wannan garanti ne na doka, ko da ba a ba ka katin garanti ba.

To amma haƙƙi ba ya tsayawa sai da shaida, kuma nan ne mu muke faɗuwa. Mun saba da ciniki na amana, ana jin nauyin neman takarda kamar zargi ne. Sashe na 118 ya ɗora wa mai sana'a ba da rubutacciyar shaidar ciniki, don haka neman rasit ba rashin kunya ba ne. A rubuta ranar da ka kawo, abin da ya lalace, kuɗin da ka ba da kafin alƙalami, lambar jikin na'urar da ke ƙasanta, da ranar da aka yi maka alkawari. Ka ɗauki hotonta kafin ka miƙa. Idan tana tashi, ka kwafe bayananka tukuna. Idan kamfani ne mai layin sauraron ƙorafi, kada ka kashe waya sai an ba ka lambar ƙorafinka, kuma duk abin da aka faɗa maka da baki ka bi shi da saƙon WhatsApp ko imel: "Kamar yadda muka yi magana yau, kun ce ranar Litinin." Wani abin da zai kwantar maka da hankali shi ne sashe na 145: idan ka ce kaya ko aiki na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan mai sana'ar.

Hanyar neman haƙƙi tana sashe na 146. Kana iya kai kuka ga su masu aikin, ko ga FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi ta intanet da kuma a ofisoshinta, ko ka nufi kotu. Shawarata a fara da su, a rubuce, da wa'adi. A jihohi irin su Kano da Legas akwai kotunan ƙananan ƙararraki da aka tsara don a gama shari'ar kuɗi kaɗan da sauri, ba dole sai da lauya ba. A kasuwa kuma, shugabannin ƙungiyar masu gyara na iya taimakawa a warware abin.

Saƙon da muka tura wa kamfanin layi biyar ne. Muka sa ranar da aka kai, ranar alkawari, hoton rasit, muka ambaci sashe na 130, muka ba su kwana bakwai su gama ko su dawo da na'urar da kuɗin da aka ajiye, in ba haka ba za mu kai wa FCCPC. A kwana na uku manajansu ya kira da kansa. Da muka je karɓa, ƙanwata ta kunna na'urar a gabansu, ta danna madannan ɗaya bayan ɗaya, ta jona caja ta ga yana ci, sannan ta sa hannu a littafinsu.