GPIO a kanel ɗin Linux: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da na haɗa wa wani maƙwabcina a Jidda Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan mai bod ɗaya, mai kunna famfon tankin ruwa, samarinmu masu gyaran waya suke turo min tambayoyi iri ɗaya. To ga amsa, kar wanda ya sake kirana bayan isha'i.

Mene ne GPIO?
Ƙafafun nan ne na jikin bod, ko ka tura wuta ta cikinsu ko ka karanta ko wuta ta shigo. Shi ke nan.

A ina ake kunnawa?
A saitin kanel, wato zuciyar Linux mai magana da kayan na'ura. Ka buga make menuconfig ya buɗe maka jerin saitin kafin ka gina kanel, ka shiga Device Drivers, sai GPIO Support. Sunansa CONFIG_GPIOLIB. In ka ɓata ka danna / ka nema.

In sa M ko Y?
Y, wato a gina shi cikin kanel ɗin kansa. Shi wannan ba ya karɓar M ma, wato a gina shi daban a loda daga baya.

Na jona rile (makunnin da wuta ke sarrafawa) mai bolt 5 kai tsaye, ba matsala?
Haba ɗan'uwa. Ƙafafun Pi bolt 3.3 suke ɗauka, ka tura musu 5 ka ƙona abinka sannan ka zo kana zagin kanel. Ka sa taransista a tsakaninsu mana, riyal nawa ne?

Na kunna, na gina kanel, amma babu /sys/class/gpio, ko kuma yana nan amma lambar ƙafata ba ta aiki.
Yauwa, wannan ce tambaya. Da farko ka tabbata sabon kanel ɗin ne ya tashi, uname -r zai gaya maka, don rabin masu kukan nan tsohon ne ke gudana ba su sani ba. In sabon ne, to ka sani wancan /sys/class/gpio tsohuwar hanya ce da ake kira sysfs, tana buƙatar CONFIG_GPIO_SYSFS daban, kuma a sababbin kanel sai ka kunna EXPERT kafin ma ka ga zaɓin. Tun Linux 4.8 a 2016 aka koma /dev/gpiochip0 da 'yan uwansa. Ka sa libgpiod, manhajar aiki da sabuwar hanyar, ka buga gpiodetect. In ya nuna maka wani abu, lafiya lau, ka rabu da sysfs. In bai nuna komai ba, galibi direban cif ɗinka ne ba ka kunna ba, don GPIOLIB ginshiƙi ne kawai, a Pi 4 sai ka kunna direban PINCTRL_BCM2835, ko kuma Device Tree, fayil ɗin da ke gaya wa kanel kayan da ke kan bod, bai ambaci cif ɗin ba, wannan kuwa ya danganta da bod ɗinka, ba zan yanke hukunci ban gani ba. Batun lamba kuma, a kanel 6.6 na Pi lissafin sysfs daga 512 yake farawa, shi ya sa tsohon umarninka mai kiran ƙafa da tsohuwar lambarta, misali 17, ke ƙi. Wataƙila kuma wani direba ne ya riga ya kama ƙafar, gpioinfo zai nuna maka.

Zan lalata bod in na yi kuskure a menuconfig?
A'a, kwantar da hankalinka. Iyakaci ya ƙi tashi. Ka dai ajiye tsohon kanel da .config ɗinka a gefe kafin ka taɓa komai.