Alvin Ailey

Alvin Ailey ɗan rawa ne kuma mai tsara rawar zamani, Ba'amurke baƙar fata, wanda ya kafa ƙungiyar Alvin Ailey American Dance Theater. An haife shi ranar 5 ga Janairu, 1931, a garin Rogers na jihar Texas, ya rasu a New York ranar 1 ga Disamba, 1989. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne yadda ya ɗauko rayuwar baƙaƙen fatan kudancin Amurka, da waƙoƙinsu na coci da kiɗansu na gidajen shaƙatawa, ya hau da su manyan dandamalin da a da ba a ba su wuri.

Ya tashi cikin talauci a zamanin wariyar launin fata. Mahaifinsa ya tafi ya bar su tun yana jariri, mahaifiyarsa Lula ce ta rene shi da tsinkar auduga da aikatau a gidajen mutane. A farkon shekarun 1940 suka koma Los Angeles, inda ya ga wasan ƙungiyar Katherine Dunham, shahararriyar 'yar rawa baƙar fata. A 1949 ya shiga makarantar rawa ta Lester Horton, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun malaman da ke karɓar ɗalibi ba tare da duba launinsa ba. Da Horton ya rasu a 1953, Ailey ne ya karɓi ragamar ƙungiyar rawar Horton yana ɗan shekara 22. A shekarar da ta biyo baya ya nufi New York tare da 'yar rawa Carmen de Lavallade don wani wasa a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo na birnin.

Ƙungiyarsa ta fara fitowa ranar 30 ga Maris, 1958, a zauren 92nd Street Y da ke New York. A 1960 ya fito da Revelations, wadda har yau da ita ake kiran sunansa. Rawar kashi uku ce, an ɗora ta kan waƙoƙin ibadar da baƙaƙen fata suka gada tun zamanin bauta. Kashin farko na ƙunci ne: 'yan rawa sun dunƙule wuri guda cikin tufafi masu launin ƙasa, kawuna a sunkuye, hannuwa a buɗe. Na biyu baftisma ce a bakin rafi. Kowa sanye da fararen kaya, wata mata riƙe da babbar farar laima, ana kaɗa dogayen ƙyallaye daga gefe zuwa gefe su zama ruwan da ake shiga. A na ƙarshe mata ne cikin riguna ruwan ɗorawa da faffaɗan huluna, kowace da kujerarta da maficinta, suna gaisawa suna ɗan tsegumi kafin wa'azi ya kankama. Duk abubuwan da ya gani da idonsa ne yana yaro a Texas, shi ya sa ko wanda bai jin kalmomin waƙar yana gane abin da ake ciki.

Rawar Cry, ta 1971, ya tsara ta ne wa Judith Jamison, 'yar rawa a ƙungiyarsa, a matsayin kyautar ranar haihuwar mahaifiyarsa, ya kuma sadaukar da ita ga mata baƙaƙen fata. Mace ɗaya ce a dandamali da dogon farin ƙyalle, ta goge ƙasa da shi, ta kuma naɗa shi a ka.

Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin tafiyar ƙungiyar zuwa kudu maso gabashin Asiya da Ostareliya a 1962. A 1966 sun yi wasa a bikin al'adun baƙar fata na duniya a Dakar, a 1970 kuma suka je Tarayyar Sobiyet. Akwai abin lura a nan, domin ƙasar da ke tura su waje su wakilce ta ita ce wadda baƙaƙen fata ke fafutukar neman 'yancinsu a cikinta.

Wasu masu sharhi sun zarge shi da neman tafin 'yan kallo fiye da kima. Amma ta wani fannin ya fi takwarorinsa hangen nesa. Yawancin ƙungiyoyin rawar zamani ayyukan mai gidansu kaɗai suke nunawa, shi kuwa ya buɗe ƙofa ga ayyukan wasu, irin su Dunham da Pearl Primus da Talley Beatty, ya ɗauki 'yan rawa na kowane launi, sannan ya buɗe makaranta a 1969.

A 1980 ya yi fama da taɓin hankali har aka kwantar da shi a asibiti. An karrama shi da lambar Kennedy Center, wadda ake ba fitattun masu fasaha a Amurka, a 1988. Cutar da ke da nasaba da ƙanjamau ce ajalinsa, yana da shekara 58. Jamison ta gaje shi, ta jagoranci ƙungiyar har 2011, sannan Robert Battle ya karɓa. A 2014 Shugaba Barack Obama ya ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula a Amurka, shekara 25 bayan rasuwarsa.