Waiwaye: Yadda Bangon Littattafan Soyayya Ya Yi Ta Sauya Kama

Littafin soyayya ba ya jiran a buɗe shi kafin ya gabatar da kansa. Tun daga nesa bangonsa ke sanar da mai saye irin labarin da ke ciki, da zamanin da aka gina shi a kai, har da yadda marubuciyar ta saki jiki ko ta kame wajen bayyana abin da ke tsakanin masoya. Kusan shekara 90 ke nan bango yana wannan aiki a Ingila da Kanada da Amurka, inda harkar ta fi ƙarfi, amma kamanninsa sun yi ta sauyawa. Idan aka bi diddigi za a tarar kowane sauyi ya biyo bayan abu biyu ne: wurin da ake sayar da littafin, da idon jama'ar da ke kallon wadda ta riƙe shi.

Kamfanin Mills & Boon, wanda Gerald Mills da Charles Boon suka kafa a Landan a 1908, ya fara ne da buga littattafai iri-iri, sai a shekarun 1930 ya karkata ga soyayya. Manyan masu sayensa a lokacin su ne ɗakunan karatu na haya, inda mace za ta biya ɗan kuɗi ta ari littafi, ta dawo ta ɗauki wani. Bangon mai kauri ne, ruwan ƙasa, don ya jure yawo hannu-hannu, sannan a yafa masa rigar takarda mai launi. Hoton da ke kan rigar cike yake da kamun kai: saurayi cikin kwat, budurwa da gyararren gashi, iyakacinsu kallon juna ko riƙe hannu.

Zuwan ƙananan littattafai masu bangon takarda ne ya birkita lissafi. Kamfanin Penguin ya fara nasa a Ingila a 1935, kamfanin Pocket Books ya biyo baya a Amurka a 1939 yana sayarwa a kan senti 25. Littafi ya fita daga kantin littattafai ya koma tashoshin jirgin ƙasa da shagunan magani da wurin masu jarida, a jere kan ragar waya mai juyawa. A nan babu mai shagon da zai yi maka bayani, bango kaɗai ke talla. Har lissafin kuɗi ma a kansa ake yi, domin littafin da bai sayu ba akan yage bangonsa ne a mayar wa kamfani a matsayin shaida, sauran takardun a lalata su. Kamfanin Harlequin, wanda aka kafa a Winnipeg ta Kanada a 1949, ya fara sake buga littattafan Mills & Boon a 1957, galibi labaran likita da nas, shi ya sa farar hula da farar riga suka cika bangayen wancan lokaci. A 1971 ya saye Mills & Boon ɗungurungum, a 1973 kuma ya fito da jerin Harlequin Presents mai farin bango da hoton masoya cikin da'ira. Littattafan duk wata suke fitowa, don haka aka sa su kama da juna da gangan: matar da ta shigo sayayya za ta gane su a kallo ɗaya.

A shekarun 1960 an yi yayin labaran soyayya masu ɗauke da tsoro, kuma bangonsu kusan guda ne. Dare ne, ga katafaren tsohon gida a kan tudu, duk tagoginsa duhu in ban da guda ɗaya can sama da fitila ke ci. A gaba ga mace cikin doguwar farar riga, gashinta a watse, tana gudu tana waige. Namijin ma sau da yawa ba a nuna shi. Ba a buƙatarsa, wannan taga guda ta isa ta shaida wa mai karatu cewa akwai sirri a gidan, kuma mai gidan da jarumar ke so shi ne wanda take tsoro.

Sai 1972, lokacin da kamfanin Avon ya buga littafin Kathleen Woodiwiss mai suna The Flame and the Flower kai tsaye da bangon takarda. Labarin tarihi ne mai tsawo, wanda ya shiga bayanin kusantar masoya fiye da yadda aka saba, kuma ya sayu ainun. Littattafan da suka bi sahunsa su suka kafa bangon runguma, wanda har yau shi mutane ke tunowa idan aka ambaci littafin soyayya: namiji ƙirji a buɗe, mace ta lanƙwasa baya a hannunsa, rigarta na zamewa daga kafaɗa, iska na kaɗa gashinsu, a bayansu doki ko jirgin ruwa ko gidan sarauta, sama ta yi ja da shunayya.

An sha yi wa waɗannan bangaye dariya, kuma a ganina an tauye wa masu zanensu haƙƙi. Aiki ne na gwanaye. Edita zai aiko da bayanin kamannin jarumai da zamanin labarin, a yi hayar tufafin da suka dace, a kira mace da namiji masu tsayawa a ɗauke su hoto, yawanci a birnin New York. A kunna musu fanka saboda gashi ya tashi, a yi ta ɗauka ta fuskoki daban-daban. Daga nan mai zane zai zaɓi hoto guda, ya zauna da buroshi da fenti ya zana shi a babban allo, yana ƙara tsoka a damtse, yana tsawaita gashi, yana ƙirƙiro tekun da babu shi a ɗakin hoton, kuma dole ya bar fili a sama don haruffan suna. Robert McGinnis da Pino Daeni da Elaine Duillo suna cikin fitattun wannan sana'a. Zanen Duillo na daga cikin abin da ya ɗaukaka Fabio Lanzoni, Ba'italiyen nan mai dogon gashi wanda ya fito a ɗaruruwan bangaye daga ƙarshen shekarun 1980, har sunansa ya fi na marubuta da yawa tashe.

Amma bangon da ke janyo mai saye a shago shi ne kuma ke sa ta jin kunya a cikin bas. Wasu matan har rigar yadi suke sa wa littafin. Kamfanoni suka lura, sai suka ɓullo da bango mai hawa biyu: na waje fure ne ko sarƙa ko zare mai sheƙi, da sunan marubuciya cikin manyan haruffa masu tudu da ruwan zinare, in an ɗaga shi sai a tarar da rungumar a shafi na biyu. Dabara ce mai kyau, domin ta bar wa mai karatu zaɓi, kuma ta ɗaga sunan marubuciya sama da ƙirjin jarumi.

Akwai kuma batun fuskar da ake zanawa. Shekaru da dama kusan duk masoyan da ke kan bango fararen fata ne. Vivian Stephens, edita baƙar fata a kamfanin Dell, ta buɗe ƙofa a 1980 da ta fitar da labarin masoya baƙaƙen Amurka, amma sai a 1994 aka samu jeri na musamman daga babban kamfani, Arabesque na kamfanin Kensington, inda mai karatu baƙar fata za ta riƙa ganin mai kama da ita a bango a kai a kai.

Da kwamfuta ta shigo, zanen fenti ya ja baya, saboda sarrafa hoto ya fi sauri da araha. Aka shiga zamanin ƙirji ba kai, inda ake yanke hoton namijin daga haɓa. Hakan na ba mai karatu damar ɗora fuskar da take so, yana kuma ɓoye cewa hoton mutum ɗaya da aka saya a intanet yana kan littattafai da yawa. A gefe guda, labaran 'yan matan birni na farkon shekarun 2000 suka zo da ruwan hoda da zanen takalmi mai tsini da jaka.

Kindle, na'urar karanta littattafai wadda Amazon ta fitar a 2007, ta kawar da matsalar idon jama'a, tunda babu mai ganin abin da kike karantawa. Sai dai ta kawo wata: bango ya koma ɗan hoto kamar kan sarki a fuskar waya, inda zane mai tarkace ba ya fitowa. Littafin Fifty Shades of Grey, wanda ya mamaye kasuwa a 2012, ɗamarar wuya ce kawai mai ruwan toka a bangonsa, kuma nan da nan kasuwa ta cika da hoton abu guda a kan duhu: mabuɗi, abin rufe fuska, zobe.

Daga wajejen 2018 yayi ya koma zane irin na katun: launi mai haske, haruffa kamar rubutun hannu, mutum biyu tsaye, wani lokaci ko ido ba a yi musu ba. Littafin ya ƙara girma da tsada, ya samu gurbi a teburin gaba na kantunan da a da suke raina shi, kuma yana fitowa tsaf a Instagram da TikTok, inda matasa masu bitar littattafai suka haɓaka cinikinsa tun daga 2020. Wannan nasara ce, ban musa ba. Damuwata ita ce bangon ya rage faɗin gaskiya. Tsohon bangon runguma, duk da abin da ake faɗa a kansa, ba ya ruɗin kowa. Yanzu kuwa labarin da bai wuce riƙe hannu ba da wanda aka rubuta don manya zalla suna iya zuwa da zane iri ɗaya, har uwa ta saya wa 'yarta mai shekara 13 tana zaton na yara ne. Shi ya sa aikin da bango ke yi a da ya koma wasu wurare: marubuta na sa gargaɗi a shafin farko, masu bita na auna zafin littafi da alamar barkono, wasu marubutan masu buga nasu da kansu kuma suna fitar da littafi ɗaya da bango biyu, mai hoton namiji da mai fure kawai, kowa ta zaɓi wanda za ta iya riƙewa a bainar jama'a.