Babban injiniyan manhajar jirgi ba rubutu yake wuni yi ba

An daɗe ana ɗauka cewa babban injiniyan manhaja a kamfanin ƙera jiragen sama wuni yake yi yana zuba rubutu a kwamfuta, wanda ya fi sauri shi ne gwani. Ba laifi, haka fina-finai suka saba nuna mana.

Amma rubutun ƙaramin ɓangare ne na aikin. Ƙa'idar DO-178C ta 2011, wadda hukumomin sufurin jiragen sama ke aiki da ita, ta kasa manhajar jirgi mataki biyar, A zuwa E, gwargwadon ɓarnar da kuskure zai jawo. Matakin A, inda kuskure kan iya kayar da jirgi, sharuɗɗa 71 gare shi. Kowane layi na rubutun manhajar sai an nuna buƙatar da ta sa aka rubuta shi, an kuma gwada shi, kuma sau da yawa ba mai rubutun ne zai duba ba. Gyaran layi ɗaya ma yana iya cin kwanaki. Shi babba, bitar aikin na ƙasa da shi ke cinye masa lokaci.

Mai son tabbatarwa ya duba tallan neman ma'aikata na irin waɗannan kamfanoni, ya ƙirga sau nawa aka ambaci gwaji da bita. Don Allah a tura wa masu sha'awar fannin.