Waiwaye: yadda tsofaffin waƙoƙin Sin suka shigo tallan gem ɗin yaƙi

A 2019 ne kamfanin Creative Assembly na Ingila ya saki tallan wani ƙarin sashe na gem ɗinsu Total War: Three Kingdoms, na zamanin dauloli uku a tarihin Sin, sashen da suka kira Eight Princes, wato yarimomi takwas. A waya na kalle shi, iyafis a kunne, kuma duk da sojoji da tutocin da ke wucewa abin da ya tsaya min a rai muryar da ke rerawa da Sinanci ce, ban san me ake faɗa ba amma jikina ya ba ni cewa kuka ake yi. Da na bi diddigi sai na tarar ashe waƙar ta haura shekara 1500 a duniya, kuma maganar dafa wake take yi.

Eh, wake dai da kuka sani. Ana dafa shi a tukunya, makamashin da ake turawa a murhu kuma busasshiyar harawar waken ce, sai waken yake kuka daga cikin tukunya yana cewa ni da kai fa saiwa ɗaya ta fitar da mu, wannan gaggawar ƙona ni ta mece ce. Ana jingina waƙar ga Cao Zhi ɗan babban jagoran yaƙin nan Cao Cao, sunan da a baki ake furta shi kamar Tsau Tsau. Labarin da ke tattare da ita shi ne yayansa Cao Pi, wanda ya kafa daular Wei a shekara ta 220, ya ce masa ya tsara waƙa kafin ya yi taku bakwai ko kuma a kashe shi, kuma su biyun nan ba ma 'yan uba ba ne, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Labarin ya fara fitowa a rubuce ne a littafin Shishuo Xinyu na ƙarni na 5, wajen shekara 200 bayan mutuwarsu, shi ya sa masana da yawa ke ganin daga baya aka ƙaga shi, amma ko ma dai yaya ne yaran makaranta a Sin har gobe suna haddace ta.

Abin da ya sa zaɓin ya burge ni shi ne wanda ya zaɓa ya san tarihi ba kame-kame ya yi ba. Cao Pi ya takura 'yan uwansa, ya raba su da sojoji ya sa musu ido, to da gidan Sima suka zo karɓe mulki babu wani ɗan gidan Cao mai ƙarfin tare su. Su kuma gidan Sima da suka kafa daular Jin sai suka ce ba za su maimaita wannan kuskuren ba, suka rarraba wa danginsu ƙasa da runduna, ƙarshenta yarimomin nan takwas suka yi ta cin junansu daga 291 zuwa 306 har ƙasar ta durƙushe. Waƙar gidan da aka kayar ce ake rera wa gidan da ya kayar da su, a daidai lokacin da su ma suke tura harawa ƙarƙashin tukunyar wakensu.

To amma ɗora kiɗa a kan irin waɗannan baitoci ba masu gem ne suka fara ba, asalinsu ma da kiɗan aka haife su. Littafin waƙa mafi tsufa a Sin shi ne Shijing, waƙoƙi 305 ne a ciki, an tsara su tsakanin ƙarni na 11 da na 7 kafin miladiyya, kuma rera su ake yi, wasu a fada wasu a gona wasu wajen bikin tuna kakanni. Akwai ta mutanen ƙasar Qin inda soja ke ce wa ɗan uwansa wa ya ce ba ka da riga, ga tawa mu saka tare, sarki ya tada runduna mu gyara makamanmu. Wannan ta zuga ce sak, irin wadda mu da muka tashi da jin kirari da tambura ba sai an fassara mana aikinta ba. Amma a cikin littafin dai akwai ta sojan da ke dawowa daga bakin iyaka yana tuna cewa ranar da suka fita itatuwa na da ganye shar, yau ga shi yana tafe ƙanƙara na zuba, ga yunwa ga ƙishi, kuma ba wanda ya san baƙin cikinsa. Tun daga tushe kenan waƙar yaƙin Sin tana da baki biyu, kuma na biyun, na kukan, shi ya fi yawa kuma shi ya fi daɗewa a bakin mutane.

Zamanin daular Han abin ya zama aikin hukuma. Sarki Wu, wanda ya yi mulki daga 141 zuwa 87 kafin miladiyya, ya faɗaɗa wata ma'aikata da ake kira Yuefu, ofishin kiɗa kenan, ya ɗora mawaƙi Li Yannian a kai, aikinsu shirya kiɗan fada da tattaro waƙoƙin talakawa daga larduna. An rufe ofishin a shekara ta 7 kafin miladiyya amma sunan bai mutu ba, ya koma sunan salon waƙar gaba ɗaya. A cikin irin waɗannan waƙoƙi akwai wadda gawawwakin sojoji ke kwance a wajen ganuwa ba a binne su ba, ana roƙon hankaki ya ɗan yi musu kuka kafin ya ci naman, tunda dai naman ba inda zai gudu. Mutum ya ji wannan ya san waɗanda suka ga fagen fama da idonsu ne suka yi ta.

Sai zamanin da gem ɗin kansa yake magana a kai. Tawayen masu ɗaurin kai ruwan ɗorawa ya ɓarke a 184, wani mai runduna Dong Zhuo ya ƙone babban birni Luoyang a 190, daular Han ta tarwatse a hannun masu runduna. Cao Cao, wanda ya rayu daga 155 zuwa 220, shi ne babba a cikinsu, kuma abin da mutane da yawa da suka san shi ta gem kawai ba su sani ba shi ne mawaƙi ne na gaske, duk waƙoƙinsa da suka rage a salon yuefu suke, kuma tsofaffin littattafan tarihi sun ce in ya tsara sabuwa sai a ɗora ta a kan sarewa da tsirkiya. Yakan ɗauki tsohon kari ya zuba masa sababbin kalmomi. Akwai karin da ake rerawa wajen rakiyar gawa, Haoli, sai ya ɗauke shi ya ba da labarin yadda ƙawancen da aka haɗa don yaƙar Dong Zhuo ya watse saboda son zuciya, yana cewa sulke ya daɗe a jikin sojoji har ya yi ƙwarƙwata, fararen ƙasusuwa a warwatse a fili, ka yi tafiya mai nisan gaske ba ka ji carar zakara ba, cikin mutum ɗari ɗaya ne ya rage.

Wannan maganar carar zakaran ta daɗe tana yi min yawo a kai. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye ya san asuba ba ta yi sai da ita, to a ce gari bayan gari shiru. Kuma abin da ke ƙara nauyin zancen shi ne mutumin da ya rubuta wannan shi ne dai wanda rundunarsa ta yi wa mutanen lardin Xu kisan kiyashi a 193 da 194, yana ramuwar kashe mahaifinsa. Ban ɗauki waƙar a matsayin ƙarya ba, na yarda ya ji zafin abin da ya gani, kuma hannunsa na cikin abin dumu-dumu, duka biyun gaskiya ne, kuma gem ɗin da zai ba ka damar zama Cao Cao ya kamata ya sa ka ji duka biyun.

Kiɗan da aka rera waɗannan waƙoƙi da shi kam ya ɓace. Kalmomi sun tsira saboda an rubuta su, kari kuwa daga baki zuwa kunne yake tafiya, in sarƙar ta tsinke shi kenan. Ɗan abin da ya rage daga baya ne sosai, kamar rubutun kiɗa guda 25 na kayan tsirkiyar nan pipa da aka samu a kogunan dutse na Dunhuang, da waƙoƙi 17 da mawaƙin zamanin Song Jiang Kui ya bari tare da alamomin karinsu. Saboda haka ɗaruruwan shekaru waƙoƙin Cao Cao a takarda suka zauna, ana haddacewa ana karantawa da murya mai ɗan lanƙwasa irin ta ɗalibai.

Abin da ya riƙe sunayen mutanen a bakin talaka shi ne littafin labarin dauloli uku da ake jingina wa Luo Guanzhong a ƙarni na 14. Shi ne ya ɗora Cao Cao a kan jirgin ruwa da dare kafin yaƙin Chibi na 208, mashi a hannu, yana rera waƙarsa da ke kwatanta rayuwa da raɓar safiya, ba da jimawa ba kuma aka cinna wa jiragensa wuta. A ƙarni na 17 da Mao Zonggang ya gyara littafin sai aka liƙa masa wasu baitoci a farko, na Yang Shen, malamin zamanin Ming da aka kora zuwa Yunnan a 1524 ya ƙare rayuwarsa a can, baitocin suna maganar kogin Yangtze da ke gangarawa gabas yana wanke jarumai, duwatsu na nan inda suke, tsofaffi biyu kuma sun zauna bakin ruwa suna hira da dariya a kan abubuwan da suka wuce. A 1994 gidan talabijin na ƙasar Sin ya yi wasan littafin mai kashi 84, Gu Jianfen ta yi wa baitocin nan sabon kiɗa, Yang Hongji ya rera, kuma a ganina nan ne aka shimfiɗa hanyar da masu talla ke bi yanzu, tsohon baiti, sabon kari, murya mai nauyi a kan hoton dawakai.

Su masu gem da farko wata hanyar suka bi. Kamfanin Koei na Japan ya fara fitar da Romance of the Three Kingdoms tun 1985, sai Dynasty Warriors daga 1997, jerin da aka san shi da kiɗan jita mai ƙarar gaske, kana saran mutum ɗari jita na kuka. Yana da daɗinsa, amma ba ruwansa da waƙar zamanin. Da Creative Assembly suka zo da nasu ranar 23 ga Mayun 2019 kasuwar Sin ta riga ta zama babba a Steam, dandalin sayar da gem ta intanet, kuma 'yan wasan can sun haddace baitocin nan tun suna firamare, ka sa musu layi ɗaya su ƙarasa maka sauran. Gem ɗin ya sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya a satin farko. Ba na musun cewa lissafin kasuwa na ciki, talla ai talla ce, amma tallan minti biyu ba shi da lokacin yin bayanin wane ne ya ci amanar wane, baiti huɗu da mai kallo ya riga ya sani kuwa sun gama masa bayanin har da abin da zai ji a ƙirji.

Sai dai a sani abin da kunne ke ji a tallan sabo ne fil. Da Sinancin yau ake rerawa, alhali furucin zamanin Cao Zhi ya sha bamban, har wasu baitocin tsofaffin waƙoƙi da a da amsa-amonsu ke haɗuwa yanzu ba sa haɗuwa. Kayan kiɗan ma haka, gogen nan erhu da kowa ke ji ya ce ga Sin nan sai ɗaruruwan shekaru bayan dauloli ukun ya shigo, abin da ke akwai lokacin su ne irin su guqin mai tsirkiya da ganguna da sarewa da ƙararrawar tagulla, irin jerin guda 65 da aka tono a 1978 daga kabarin wani basarake na ƙasar Zeng. Ga kuma matsalar karin sauti, wadda mu Hausawa za mu fi saurin ganewa tunda harshenmu ma in ka sauya hawa da saukar murya ka sauya ma'ana, mai ɗora kiɗa a kan baitin Sinanci dole ya yi hattara kar karinsa ya murɗe kalma. Ni duk wannan bai dame ni ba, Cao Cao da kansa tsohon kari ya ɗauka ya yi masa sabuwar riga, yanzu an juya ne kawai, kalmomin ne tsofaffi. Abin da ke damuna shi ne in an cika ganguna har kukan da ke cikin baitin ya nutse, mai kallo ya fita yana jin jarumta kawai alhali kalmomin makoki suke yi.

A watan Mayun 2021 kamfanin Creative Assembly ya sanar da daina yi wa gem ɗin sababbin sassa, 'yan wasa musamman na Sin suka fusata suka cika shafinsa na Steam da ƙorafi. Ni kuma abin da na so a ce an yi kafin a rufe shi ne a sa wata tsohuwar waƙar yuefu a ƙarshen wasa, daidai lokacin da ka cinye ƙasa duka allo na taya ka murna. Ta wani ce da aka ɗauka soja yana shekara 15 bai dawo ba sai yana 80. A hanya ya haɗu da ɗan garinsu ya tambaye shi wa ya rage a gidanmu, aka nuna masa can inda itatuwa suke da jerin kaburbura. Ya shiga, zomaye na shiga ta ramin kare, tsuntsayen daji na tashi daga azara, hatsin da ba wanda ya shuka ya tsiro a tsakar gida, ganye ya rufe bakin rijiya. Ya sussuka hatsin ya dafa, ya tsinko ganyen ya yi miya, abinci ya nuna, sai ya rasa wanda zai zuba wa. Ya fito ƙofar gida ya tsaya yana duban gabas, hawaye na jiƙa masa riga.