Ola Rotimi, farfesan wasan kwaikwayo

Ola Rotimi farfesa ne ɗan Najeriya a fannin wasan kwaikwayo, darakta kuma marubuci, wanda ya koyar a jami'o'in Ife da Fatakwal sannan ya taɓa koyarwa a Amurka. An haife shi ranar 13 ga Afrilu 1938 a garin Sapele da ke jihar Delta ta yanzu. Babansa Bayarabe ne injiniyan jirgin ruwa, mamansa kuma 'yar ƙabilar Ijaw ce, kuma dama gidan nasu gidan wasa ne, uban yana shirya dirama don sha'awa ita kuma uwar tana harkar rawa, shi ya sa tun yana ɗan ƙaramin yaro ya fara hawa dandamali yana fitowa a wasa.

Ya yi sakandare a Legas, a 1959 ya tafi Amurka ya yi digirin farko a Jami'ar Boston, ya wuce makarantar dirama ta Yale inda ya gama digiri na biyu a 1966. A can ne aka fara nuna wasansa na barkwanci Our Husband Has Gone Mad Again, labarin wani tsohon soja da ya faɗa siyasa ga kuma rigimar matansa a gida.

Amma a Ife ne aikinsa ya nuna sosai. Da ya dawo gida ya kama aiki a cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, ya kafa ƙungiyar wasa ta Ori Olokun, kuma abin burgewa shi ne bai tsare ta a cikin makaranta ba, cikin gari suke wasa a wani fili mai tsakar gida, 'yan kallo su zagaye 'yan wasa, ga ganguna ga waƙa ga taron mutane cike da dandamali, ɗalibai da mutanen gari duk a haɗe ana wasa tare. Ai mutumin darakta ne kafin komai, idan yana rubutu yana hango yadda jama'a za su tsaya da inda ganga za ta shigo, Turancinsa ma mai sauƙi ne cike da karin maganar Yarbawa ta yadda wanda bai yi zurfi a boko ba zai bi labarin.

A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya nuna The Gods Are Not to Blame. Tsohon wasan Girka na Sophocles ya ɗauko ya maida shi ƙasar Yarbawa, sarki Odewale ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba, sai dai Rotimi ya jingina masifar da zafin zuciya da ƙabilanci, wanda a lokacin nan kowa ya gane inda maganar ta dosa. An buga shi a 1971 kuma ɗaliban sakandare da yawa a Najeriya ta wannan littafin suka san sunansa. Daga nan ya koma rubuta wasannin tarihi, Kurunmi a kan yaƙin garuruwan Ijaye da Ibadan a ƙarni na 19, sai Ovonramwen Nogbaisi a kan sarkin Benin da Turawan Ingila suka ci da yaƙi a 1897.

A 1977 ya koma Jami'ar Fatakwal ya jagoranci sashen fasahar ƙirƙira (Creative Arts), ya horar da ɗalibai da dama. Wasanninsa na can sun fi karkata ga talaka, musamman Hopes of the Living Dead da ya gina a kan rayuwar Ikoli Harcourt Whyte, mawaƙin coci mai cutar kuturta da ya jagoranci 'yan uwansa kutare suka ƙi yarda a wulaƙanta su. A ciki 'yan wasa suna magana da yarukan Najeriya daban-daban wani na yi wa wani tafinta, gaskiya wannan dabara ce mai wuyar shiryawa kuma ta fito da yadda ƙasar take.

Wajen tsakiyar shekarun 1990 ya koyar a Kwalejin Macalester da ke jihar Minnesota a Amurka, daga baya ya dawo Ife ya ci gaba da koyarwa. Matarsa Hazel, wadda suka yi aure a 1965, ta rasu a shekarar 2000, shi ma ya rasu ranar 18 ga Agusta na wannan shekarar yana da shekara 62.