Masu kankare fentin tsohuwar mota, ƙurar nan tana binku har gida

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman masu garaji da toliye da masu fenti na nan Damagaram, da yaran da ke koyon aiki a hannunsu, da iyayen yaran. Ni ma'aikacin lafiya ne a ɓangaren tsabta da rigakafi, kuma abin da zan faɗa yau ya jima yana cina a rai, wani abu da na gani da idona satin da ya wuce shi ya sa na ce a'a, yau sai na rubuta.

Na kai babur ɗina gyara wani garaji, ba sai na faɗi unguwa ba don abin ba na mutum ɗaya ba ne. A can gefe ga wata tsohuwar Peugeot 404 bashe an ɗaga ta, wai ta wani Alhaji ce da ya gada wurin mahaifinsa, yana so a maido ta kamar ranar da ta fito daga kamfani. Wallahi abin ya burge ni, motar da aka fara ƙera irinta tun 1960, irin wadda ta yi jigilar kakanninmu daga Mirya da Matamai da Magarya zuwa kasuwar Dole, ai ta cancanci a raya ta. Maigidan garajin ya ce min ba zai yi aikin ha'inci ba, sai ya kankare fentin duka har ƙarfe ya fito fari tas, ya cire baƙin kwaltan da ke shafe a ƙarƙashin shasi, don in ka fesa sabon fenti kan tsatsa da tsohon mastik, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, bayan damina ɗaya zai kumbura ya fashe. Gaskiyarsa, haka aikin yake. Amma wanda ke riƙe da injin gurza wani yaro ne da bai fi shekara 14 ba, ya ɗaure hanci da gefen rawani, kansa da girarsa da gashin idonsa duk sun yi ja da ƙura, kuma taku uku daga wurin ga butar shayi kan gawayi ga kwanon fura a buɗe. Da aka kira shi cin abinci sai ya goge hannu a wando ya zauna.

Ƙurar nan ba irin ta hazon hunturu ba ce da muka saba. Fentin motocin da, musamman ja da rawaya da ruwan lemo, da yawansu da dalma aka haɗa launinsu, haka jan fentin nan na ƙasa da ake shafawa don hana tsatsa, wanda tsofaffin masu aiki ke kira miniyom, shi kam dalma ce zalla kusan. Kafin mastik ɗin yanzu ya yaɗu ma da narkakkiyar dalma ake cike mahaɗar ƙarfen jikin mota. Sannan ku tuna motar da ta shekara 40 ko 50 tana yawo an sake mata fenti ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kowa da irin gwangwanin da ya samu a kasuwa, wani ma da fentin ƙofa. Duk wannan yana nan kwance shimfiɗa kan shimfiɗa, bai dami kowa ba sai ranar da ka ɗora masa injin ka maida shi gari.

Ita dalma jiki ba shi da wani amfani da ita ko kaɗan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da za a ce ba ya cutarwa. In ta shiga, ta hanci ko ta baki, sai ta bi jini ta je ta kwanta a ƙashi da haƙora ta yi shekaru. Babban mutum zai fara jin ciwon ciki mai murɗa, bayan gida ya ƙi fita, ciwon kai, kasala, saurin fushi, jini ya ragu, daga baya tansiyo ta hau, ƙoda ta fara gajiya, wani hannunsa ya saki daga wuyan hannu ya kasa riƙe guduma, har ƙarfin haihuwa tana taɓawa. Nawa ne cikinku ke cewa basir ne ko shawara, ana ta shan jiƙe-jiƙe shekara da shekaru? Ban ce duk ciwon cikin mai fenti dalma ce ba, amma in aikinka kenan dole a saka ta a lissafi.

Inda abin ya fi tada min hankali shi ne yara. Abin da babba zai haɗiya jikinsa ya ɗauki kaɗan, ƙaramin yaro jikinsa na ɗaukar ninki 4 zuwa 5, kuma ƙwaƙwalwarsa ce ke cikin girma, ɓarnar da aka yi mata ba ta gyaruwa. Kai maigida ka tashi aiki da magariba, kayan aikin na jikinka, ka hau babur ka shiga gida, ƴar autarka mai rarrafe ta ruga ta rungume ƙafarka, ka ɗauke ta ka ɗora a cinya tana tsotson yatsa. Ka cire rigar ka rataye a ɗaki, gobe uwargida ta kakkaɓe ta a tsakar gida inda ake shanya tsaba, ta haɗa ta da kayan yara a baho ɗaya, in tana da ciki kuwa dalma na ratsawa har wurin ɗan da ke ciki. Babu wanda ya yi niyyar mugunta a nan, amma gubar ta riga ta shiga gida. Bayan shekaru a ce yaro ba ya gane karatu a lakwal, ba ya riƙe hadda a makarantar allo, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Kar wani ya ce labarin Turawa ne. Nan maƙwabtanmu a Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma, iyayensu na kawo duwatsun zinariya gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar ta bi ƙasa yara suka ci, da farko an ɗauka masassara ce mai jijjiga. A unguwar Thiaroye kusa da Dakar tsakanin 2007 da 2008 yara 18 suka mutu, su kuma daga fasa tsofaffin batiran mota ne. Garajinka bai kai can yawan guba ba, na yarda, amma hanyar ɗaya ce, aiki ya yi ƙura, ƙura ta je inda yara suke. (Tunda na ambaci batir, masu fasa shi suna narka dalmar a bayan garaji, ku ma da ku nake, kuma iyaye mata a yi hattara da kwallin dutse a idon jarirai, shi ma akwai mai dalma.)

To sai maganar wuta. Da yawa in an zo kan baƙin kwaltan ƙarƙashin mota sai a kunna shalumo, wato abin hura wutar gas na masu walda, a gasa shi ya narke a bi da wuƙa, wasu har fentin jikin ma ƙona shi suke don sauri. Dan Allah ku bari. Harshen wuta na maida dalma hayaƙi, shi kuma hayaƙin ya fi ƙurar shiga can cikin huhu, ga hayaƙin kwaltan kansa, ga tankin esansi da tiyonsa a saman kanka kana kwance. Tankin da aka juye ma bai zama lafiya ba, tururin da ya rage ciki shi ne ke fashewa. Kwaltan nan in ya yi sanyi ƙarfi yake ya riƙa ɓarewa, saboda haka da sassafe lokacin ɗari in ka sa kurfi da guduma zai riƙa faɗowa ɓawo-ɓawo ba hayaƙi ba ƙura sosai, wanda ya liƙe ka jiƙa shi da ɗan gazwal a tsumma ka bari ya yi laushi, da safar hannu, a fili, nesa da mai walda.

Dekapan kuma, ruwan nan mai kauri da ake shafawa fenti ya tattare kamar fatar tsohuwa, ku riƙa sa wani ya karanta muku jikin gwangwanin. In an ga an rubuta dichlorométhane to a yi taka-tsantsan na gaske. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ramin da kuke shiga don gyaran ƙarƙashin mota nan yake taruwa, kuma in ya shiga jiki hanta na juya wani sashensa ya koma irin gubar hayaƙin gawayi da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki. Mutum zai ji jiri kamar ya bugu, daga nan sai faɗuwa. Ya kashe ma'aikata a wurare da dama, shi ya sa Tarayyar Turai ta yanke hana sayar da shi ga jama'a tun 2009, Amurka ma ta hana a 2019. Yana ratsa siririyar safar hannun nan ta asibiti cikin ɗan lokaci, kuma in ya haɗu da wuta yana fidda wata iska mai ƙona huhu, don haka shi da shalumo ko taba ba sa zama wuri ɗaya. In ba makawa sai an yi da shi, a yi a waje inda iska ke kaɗawa, kar mutum ya zama shi kaɗai. In ya fantsama a ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15 ko fiye kafin a nufi likita, wanda ya suma a fiddo shi fili tukuna, mai shiga ɗauko shi ma ya kula da kansa.

Masu feshin yashi da kwamfaresa, namu yashin na nan gari yake zama ya daskare a huhu, tarin da yake kawowa ba ya warkewa kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Wannan a taƙaice kenan, wata rana zan yi magana a kansa shi kaɗai.

Yanzu me za a yi, tunda ba cewa na yi a bar sana'a ba, da ita kuke ci da iyali. Abu mafi sauƙi shi ne ƙurar kar ta tashi tun farko. A fara kankarewa da wuƙar fenti, sannan a goge da takardar gurza a jiƙe. Na san za ku ce ina ruwan yake, a garin da wani lokaci sai an bi layin bido ko an jira ƴan garuwa, na sani nima nan nake. Amma ba wanka za a yi wa motar ba, gorar ruwa ɗaya da aka huda murfinta ana yayyafawa ta isa ƙofa guda. Kuma ku kun fi ni sanin cewa injin in ya daɗe wuri ɗaya ƙarfen zafi yake ya lanƙwashe sai an koma ana cikawa da mastik, to aikin hannu a jiƙe ma ya fi kyau ga motar, sai dai a tsane ƙarfen da kyau a shafa fentin ƙasa da wuri kafin tsatsa ta hau, balle da damina. A shimfiɗa leda ko tsohon tamfol a ƙasa, in an gama a tattara ɓawon da caɓin a zuba a gwangwani mai murfi. Kar a share da tsintsiya a bushe, kar a hure da iskar kwamfaresa, kar a ƙona, kar a watsa a lungu inda yara ke wasa awaki na kiwo.

Rawani da kashinen yadi ba sa tare wannan ƙurar, sanyin rai kawai suke ba mutum. A nemi kashine, wato abin rufe hanci da baki, wanda aka rubuta FFP3 a jikinsa, in babu ko FFP2, ya kama fuska sosai ba ta gefe iska ke shiga ba. Shi ma ƙura kaɗai yake tarewa, ba ya tare tururin dilwan, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ko na sabon fentin da ake haɗawa da ruwan ƙarfafawa, wanda ke jawo asma, wannan sai kashine mai gwangwanin gawayi a gefe. Alhaji mai mota, ranka ya daɗe, kai da za ka kashe kuɗi masu yawa a fenti da kayan da za a sayo daga Kano, ka sa kuɗin kashine da safar hannu da sabulu a cikin jinga, kuma ka daina matsa musu da sai an gama kafin Sallah, matsin nan ne ke sa su ɗauko wuta.

Zancen madara kuwa, na sha ji, wai in an gama aiki a sha madara ta wanke guba. Madara abinci ce mai kyau, kuma gaskiya ne wanda ke aiki da yunwa ko mai ƙarancin jini jikinsa ya fi saurin ɗaukar dalma, don haka a karya kafin a fara, a ci wake da zogale da hanta in an samu. Amma madara ba ta fidda abin da ya riga ya shiga, kuma in ka sha ta da hannu mai ƙura ka ƙara wa kanka ne. A ware wurin ci da shayi nesa da inda ake gurza, a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a taɓa abinci ko goro ko taba, ba da esansi ba, esansi fata yake ci ya shiga jiki. Kayan aiki da takalmi su kwana a garaji, a wanke su daban, ka sa na gida kafin ka hau babur, in ka isa ka watsa ruwa kafin ka ɗauki yaro. Minti biyar ne.

Su kuma ƙananan aparanti, maigida, amana ce iyayensu suka ba ka. Ka ba su wani aikin, kankare tsohon fenti na manya ne masu kariya. Da na yi wa mai garajin nan bayani ya yi shiru can ya ce, Malam wallahi shekara 20 ina wannan aikin ba wanda ya taɓa gaya min, nan take ya kira yaron ya ce je ka wanke fuskarka, ya sa aka ɗauke butar shayin aka kai gindin bishiya.

Duk wanda ke wannan aiki kuma yake fama da ciwon cikin da ba ya jin magani, ko hannu na masa rauni, ko tari da sarƙewar numfashi, ko ɗansa ya rame ba ya cin abinci ya daina wasa ko ya yi jijjiga, ya je likita mafi kusa, in abin ya yi tsanani a wuce babban asibiti. Kuma da ka zauna gaban ma'aikacin lafiya kar ka jira a tambaye ka, ka ce masa ni tsohon fentin mota nake kankarewa, shekara kaza, kuma akwai ƙananan yara a gidana, don gubar dalma kama take da cututtuka da yawa, in ba ka faɗi aikinka ba ana iya yi maka maganin wani abu daban ka koma gida da ita.